Garin Wadannin da Baba Ya Zana da Hannun Hagu

Ko zan manta komai na shekarun karatuna, ba zan manta daminar da mahaifina ya gyara mini garin wadanni ba.

Malaman jami'a na yajin aiki a lokacin, sai na dawo gida Rano da wata tsohuwar kwamfuta. A cikinta akwai wasan da ake ba ka wasu wadanni, ka haƙa musu gari a cikin dutse, ka tsara ɗakuna da rumbuna da ƙofar tsaro. Sau uku ina jawo ruwan kogi don in yi musu rijiya, sau uku ruwan na cinye su.

Baba magini ne, sorayen Rurum Tsohon Gari da yawa aikinsa ne. Amma ciwo ya shanye masa ɓarin dama, ya koma zaman zaure, abinci ma sai an yi da gaske yake ci. Tun ranar da na ce masa ni ba zan kwaɓa ƙasa ba, boko zan yi, maganarmu ba ta wuce gaisuwa.

Wata rana da hantsi ina zaune kusa da tabarmarsa da kwamfutar ina ta tsaki, sai na ji ya ce, "Wa ya yi wannan tsarin?"

Na ce, "Ni ne, Baba."

"Na ga inda ruwa ke shiga. Ta ina zai fita?"

Na yi dariya na ce, "Baba, wasa ne fa." Ya kawar da kai. Wallahi har yau in na tuna dariyar nan kunya nake ji. Mutum ya yi wata biyar ba wanda ya nemi saninsa, ya miƙo mini shi da kansa, na mayar masa.

Washegari na durƙusa na ce ya nuna mini. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ja sandarsa da hagu ya fara zane a ƙasa. Ya ce shi bai taɓa sa harsashi ba sai ya jira ruwan sama ya ga hanyar da ya bi. Magudana ce farko, rumbu a tudu, ɗaki daga baya. Ranar ya cinye tuwonsa tas.

Kwana goma sha ɗaya muka yi muna gini. A na ƙarshe ya ce, "Da ka tsaya, da magini ka zama."

Bai ga kaka ba, a daminar nan ya rasu. Garin nan kuwa ruwa bai sake ci ba, amma ban ƙara masa ko ɗaki ɗaya ba, don duk sanda na zo haƙawa sai in juya in tambaye shi, ba ya nan.

Abin da na koya ke nan: in tsohonka na da abin da ya iya, tambaye shi tun yana iya ba ka amsa. Ni shekara ashirin da biyu aka ba ni, kwana goma sha ɗaya na ɗauka.