Kwaɗon Iya da Farar Shaddata

A gidan hayar da na tashi a Agege, ɗakuna goma sha biyu ne, mutanen ciki kuwa sun isa a yi musu ƙaramar hukuma. Da magariba ta wuce aka ɗauke wuta, sai kakata ta jawo kurfotinta bakin ƙofa. Iya muke ce mata, yadda maƙwabtanmu Yarabawa ke kiran tasu. Tana gasa masara, mu jikoki muna kewaye da ita, rabin hankalinmu na kan labari, rabi na kan masarar.

"Ku matso, ga ta nan ta iso," in ji ta. "Kai kuma mijin banza, rufe baki kada sauro ya tare a ciki." Ni ke nan mijin banzan.

Akwai tatsuniyar da ta fi yawan ba mu. Wai wani gari ne mai idon ruwa guda, wani ƙaton kwaɗo yana zaune a bakinsa. Duk ruwan da zai fito sai ya bi ta cikinsa, ya riƙe laka, ya saki garau. A kwana a tashi kwaɗo ya yi jawur, ruwa ya koma fita a hankali. Mai gari zai yi baƙi, ya ce a kore masa wannan ƙazami. Aka kore shi. Ruwa ya ɓarke, mata suka yi guɗa. Da dare aka tuƙa tuwo, kowa ya kai loma sai ƙaras, yashi! Aka bi kwaɗo da ban haƙuri.

Nan Iya take kumbura kumatu ta yi muryarsa: "Ni kam na ƙoshi. Ga ƙanena, ku tafi da shi. In ya yi ja kada ku zage shi, ku ce sannu, ku zo ku ɗauki na bayansa."

Mu dai dariyar kumatun muke yi.

Bara, saura kwana biyu sunan jikana na fari, famfon gidana ya koma zuba kamar mai rowa. Ga farar shaddata da tela ya ƙare basirarsa a kanta, ana son a ɗauraye ta. Na je bayan tankin burtsatse inda mai gyaran famfo ya ɗaura mana matatar ruwa, na kwance kwalbar matatar. Abin tacewar da ke ciki, wanda na sani fari sol, ya koma kalar kilishi. Na ce ashe kai ne munafukin! Na wurgar da shi, na mayar da kwalbar wayam. Ruwa ya taho kamar zai ture katanga. Na shiga gida ina tafiyar injiniya.

Bayan awa guda matata ta ɗago shaddar daga baho.

"Malam, shayi ka haɗa mana a tanki?"

Ba shiri na hau okada na sayo sabon abin tacewa. Na rufe ruwa, na wanke kwalbar, na shafa wa zoben robar bakinta mai, na zaunar da sabon a tsakiya, na ɗaure da hannu, na bar famfo ya zuba har ya washe. Ruwa ya gyaru. Shadda kam ta riga ta zaɓi kalarta. Haka na sa ta ranar suna, ina gaya wa mutane sabon yayi ne, bai ma iso kasuwar Oshodi ba tukuna. Mutum biyu sun tambayi inda ake sayarwa.

Sai daga baya na zauna ina tunanin Iya. Duk rigimar gidan hayar nan ta layin banɗaki da igiyar shanya, ɗakinta take shiga, ta fito ta zama gaisuwa. Mu kuwa muna cewa tsohuwa ta cika mita da ɗaure fuska. Ba mu taɓa tambayar me ta haɗiye ba. Wata uku da rasuwarta, ɗaki biyu suka daina magana da juna.

Yanzu da na ga abin tacewar ya fara ja nake canza shi. Kafin in jefa tsohon a shara kuma sai na ce masa, "Sannu da aiki." Matata ta ji ni sau ɗaya, ta kira babbar 'yarmu a waya ta ce a fara yi wa Baba addu'a.