Bakin da Raliatou ta ara

Raliatou 'yar Damagaram ce, amma a Lubumbashi ta tashi, inda mahaifinta ke fatauci, can ta iya Suwahili. Da aure ya kawo ta La Courneuve, can ƙasar Turawa, duk ranar Laraba mu matan unguwa mukan cika ɗakinta. Sai ta sa kaset ɗin wasan Suwahili da fatake ke kawowa, ta rage murya, tana maida mana shi Hausa.

Matan wasannin nan ba su da baki. Namiji ya yi ta zuba, mace ta durƙusa ta ce to. Raliatou kuwa haƙurinta bai cika cokali ba, sai ta riƙa ara musu nata bakin. Mun san ƙari take yi, muna dariya har da riƙe ciki.

Maƙwabciyarta Zouera ba ta dariya, haddacewa take. Ran da mijinta Maazou ya sake dukanta, ta faɗa masa abin da ta ji, cewa ita ba baiwar kowa ba ce, ta goya ɗanta ta gudu Lyon wurin yayanta.

Ina wurin Raliatou Maazou ya shigo, ko sallamar kirki babu. Ashe ya gano inda matarsa ta samo maganar. Ya ce a sa masa kaset ɗin, ta sa masa. Ya kalla har inda mijin wasan ya je biko.

"Hajiya, mi ya ce mata har ta komo?"

Zagi da barazana mijin ke yi, haka ta gaya mini daga baya. Amma Maazou ya tare ƙofa, ta ji tsoron faɗa masa zagi a fuska. Sai ta ƙaga wa mijin ban haƙuri mai sanyi, irin wanda ban taɓa ji a bakin namiji ba. Maazou ya sa ta maimaita har ya zauna masa, ya yi godiya ya nufi tashar jirgin ƙasa.

Da dare Raliatou ta buga waya Lyon don ta gargaɗe su, amma ta makara. Yayan ya ce ai mutumin ya tuba, shi kansa sai da ya yi ƙwalla. Zouera ta dawo ranar Lahadi da murnarta, tana jera mana abin da mijinta ya ce.

Raliatou ba ta sake sa kaset ba. Bango ɗaya ya raba ɗakinta da na su Zouera. Kullum Maazou ya dawo aiki, sai ta kashe rediyo, ta hana 'ya'yanta motsi, ta tsaya jikin bangon tana sauraro.