Tukunyar Kashe Gobara ta Aro

Shagon ɗinkin da na yi aiki a Nassarawo ƙofa biyu gare shi, amma ɗaya muke bi. Bayan mun dawo Mubi daga gudun hijira, mai shagon, da muke ce wa Oga, ya kira mai walda ya liƙe ta baya, ya ƙara ƙarafuna a tagogi. Babu wanda ya ga laifinsa, don duk tsoronmu na abin da zai shigo daga waje ne. Janareta da jarkar fetur kuwa a bakin ƙofar gaba aka ajiye su, saboda ɓarayi.

Kekena yana kusa da na Maman Tagwaye, wata 'yar Michika da ta girme ni. Babu mai hannunta a layin nan, amare tun daga Sorau ita suke nema. Ni mai saurin fushi ce, in zare ya tsinke sai in hau zagin keke. Ita kuwa sai ta karɓi aikin ta gyara mini, tana yi mini tsiya.

Lokaci-lokaci wani jami'i yakan zo duba wuraren aiki. Doka ta ɗora wa duk mai ɗaukar ma'aikata ya tanadi hanyar fita ta biyu da abin kashe wuta, ya kuma koya wa mutanensa amfani da shi. Masu shagunan layinmu sai suka samo dabara. Tukunyar kashe gobara ɗaya ce tak, ta mai sayar da katifa. Ranar dubawa, ana ba jami'in ruwan sanyi a wannan shago, ana sulalewa da ita zuwa na gaba. Ƙofarmu ta baya kuma a sakar mata labule, a nuna masa daga nesa. Har suna muka sa wa tukunyar, amarya mai yawon gaisuwa.

Maman Tagwaye ba ta taɓa yin wannan dariyar ba. Ta sha cewa, "Oga, a buɗe mana wannan ƙofa. In wuta ya tashi a gaba, ta ina za mu bi?"

"Madam, Allah zai kiyaye," in ji shi. "Bari aikin Kirsimeti ya wuce tukuna."

Bai wuce ba. Da rana tsaka Oga ya zuba wa janareta fetur yana aiki, don kada ɗinki ya tsaya. Wuta ta tare ƙofa, ta fara kama atamfofin da ke rataye. Muka ruga baya, muka yaye labule, ƙarfe muka tarar. Tukunya tana can shagon katifa a kulle, mai shi ya tafi masallaci. Maman Tagwaye ta fizgi bargon guga ta nannaɗe hannuwanta, ta tura janaretan waje da wutarsa. Muka fita a bayanta. Bargon na roba ne, ya narke mata a fata.

Oga ya yi kuka a asibiti, kuma na san na gaskiya ne. Washegari mai walda ya yanke ƙofar baya kafin shayin da aka kawo masa ya huce. Wannan saurin har yau yana ci mini rai, yana sa ni baƙin ciki da haushin dukanmu.

Yatsunta sun warke a tanƙware, ba sa riƙe allura. Bara ta zo shagona da leda rataye a wuyan hannu, leshi ne na auren ɗaya daga cikin tagwayen.

"Ƙanwata, ke za ki ɗinka wa 'yarki," ta ce.

Na ɗinka, na warware, na sake ɗinkawa, bai kai rabin nata ba. Da ta zo karɓa ta juya rigar da bayan hannu, ta daɗe tana duban wuyan.

"Ya yi kyau," ta ce. Sai ta roƙe ni in ninke mata.