Askin da Na Yi wa Ciyawar Baba

Abubuwa da yawa sun same ni a zamana na Madina, na manta wasu, wasu ma da gangan na ture su daga raina. Amma wannan da zan ba ku labari, har in koma ga Allah ba zai bar ni ba. Yau ga furfura a gemuna, amma duk ranar da na tuna sai kunya ta kama ni sabuwa fil.

Sana'ata kula da ciyawa ce. Wanda bai san garin ba zai ce wace ciyawa kuma a cikin duwatsu da wannan zafi? To akwai ta, kuma ana ji da ita. Otal-otal, makarantun kuɗi, da gidajen shaƙatawa da ake kira istiraha, inda ake kama haya a yi biki ko walima, kowa so yake a ga kore shar a farfajiyarsa. Da zafi mu yi ta yanka da ban ruwa, da sanyi kuwa in an yi ruwan sama mu kwashe laka da yashin da ya toshe ƙofofi. An ce a ƙasashen Turawa masu irin aikinmu dusar ƙanƙara suke kwashewa. Mu dai laka ce rabonmu.

Wanda ya koya mini aikin wani dattijo ne mutumin Damagaram, kowa Baba yake ce masa. Ranar da na zo garin ko injin yankan ciyawa ban iya tayarwa ba. A ɗakinsa na unguwar Ranuna na sauka, wata huɗu ina cin tuwonsa bai taɓa ɗaure mini fuska ba. Shi ya nuna mini yadda ake ɗanɗana ruwan rijiya a harshe kafin a ba wa shuka, domin ruwan wasu unguwannin gishiri gare shi. Sai dai ni Allah ya yi ni da gaggawa da zaƙin baki. Ina yin shekara biyu da shi na ga ai na ƙure iliminsa, na koma wani sabon kamfani mai motoci masu tambari da riguna iri ɗaya.

Mai kamfanin wani matashin Balarabe ne. Da ya ga Larabci ya zauna a bakina sai ya ce in bar tura inji in shiga nemo mana manyan wurare, in na kawo uku ni ne shugaban ma'aikata. Ai kuwa na zage. Dabarata guda ce: ba na ɓata lokaci ina yabon kanmu, sai in ja mudir, wato manajan wuri, mu zaga filinsa ina kushe aikin wanda ke kai. Ta haka na samo wata makaranta a unguwar Jurf, na samo wani ƙaramin otal. Saura ɗaya.

Na ukun nan, wata katafariyar istiraha ce a unguwar Aƙiƙ mai filaye uku. Kuma kada in yi muku ƙarya in ce ban sani ba: na san Baba ne ke kula da ita. Na san kafilinsa, wato wanda ya tsaya masa a takardu, tsoho ne da wannan kwangila kaɗai ta rage masa. Baba da bakinsa ya taɓa ce mini muna shan shayi, "Ranar da wurin nan ya suɓuce, iƙamata, takardar zamana a ƙasar nan, ta bi shi, sai gida." Duk na san wannan. Na ce wa raina kasuwa ce, in ban karɓa ba wani zai karɓa.

Da hantsi na je, na sha guga, na fesa turare. Mudir ya fito muka shiga filin farko. Ciyawa ta yi tsawo har tana rufe idon sawu. Na durƙusa na damƙo ta na ɗago kai na ce, "Ya ustaz, nan wurin biki ne ko makiyaya?" Ya tuntsire da dariya. Na fito da waya na nuna masa hotunan filayenmu, an aske su ƙwal kamar darduma. Ya daɗe yana kallo, sannan ya yi nuni da haɓa can ƙarshen fili. Baba ne a gindin dabino, a tsugune yana ɗaure bututu.

"Wancan tsohon shi ke yi mana," in ji mudir. "Ai ɗan ƙasarku ne, ko?"

Na ce, "A'a, ba ƙasarmu ɗaya ba. Shi ɗan Nijar ne, ni ɗan Najeriya. Kuma ka ga ƙarfinsa ya ƙare."

Wallahi da wannan bakin nawa na faɗa. A daidai lokacin Baba ya ɗago ya hango ni, ya ɗaga hannu yana murmushi. Na sunkuyar da kai kan waya kamar ana kira na.

Sati biyu aka sa hannu, kwangila ta dawo wurinmu, aka ba ni shugabancin da nake ta zumuɗi. Na shiga wasan ɓuya da Baba, har masallaci na canza. Amma wata Juma'a muka yi kiciɓis a bakin ƙofa, babu hanyar zillewa. Ya kama hannuna ya ce, "Ɗana, na ji kai ka karɓa. Allah ya sa albarka. Abu ɗaya zan gaya maka, kada ka rage mata tsawo sai zafi ya karye." Na ce, "To Baba," a raina kuwa ina cewa tsoho dai ya ƙi yarda zamani ya wuce shi.

Washegari, a tsakiyar zafin da ko takalmi narkewa yake a kan kwalta, na sa aka aske filayen nan uku har ƙasa. Na saita famfunan feshi su riƙa yayyafi sau uku a yini. Kwana biyun farko, kai, abin gwanin sha'awa! Har hoto na ɗauka na tura wa mai kamfani. A kwana na biyar ta fara yin rawaya. A na goma ta koma launin busasshen kara, ga wani farin gishiri ya fito a kan ƙasa kamar an barbaɗa kanwa. Ashe tsawon nan da na yi wa ba'a shi ke yi wa saiwa inuwa, yayyafina kuwa gishirin rijiyar kawai yake tarawa a sama. Mudir ya kira ni yana ta faɗa, ya ce akwai babban biki nan da sati uku. Mai kamfani kuma ya ce in gyara ko in san inda dare ya yi mini.

Na rasa inda zan sa kaina. Bayan La'asar ƙafata ta kai ni Ranuna. Ina yin sallama na shiga, sai ga kwalaye a ɗaure da igiya an jera su jikin bango, ɗakin ya yi fayau. Baba ya ga inda idona ya tsaya, ya ce, "Kafili ya buga mini takardar fita daga ƙasar. Kwana goma sha biyu suka rage." Na zauna na fara kame-kame. Shi ne ya dube ni ya ce, "Ka aske ta ko?" Na ce, "Na aske, Baba." Ya ɗauki hularsa ya ce, "Mu je in gani."

Da muka isa ya tsugunna ya tona ƙasa da yatsa, ya zaro wata 'yar farar saiwa ya nuna mini. "Da ranta," in ji shi. Ya sa aka kashe yayyafin nan, ya ce a kawo tankar ruwan daɗi a shayar da fili har ya ƙoshi, gishirin ya nutse ƙasa. Kullum daga sallar Asuba yana wurin, yana karce matacciyar ciyawa da manjagara, yana watsa yashi da taki. Kwana goma cif. Mutumin da ya kamata ya yi kwanakinsa na ƙarshe yana sallama da jama'a da yawaita zuwa Harami, a filin da na ƙwace masa ya ƙarar da su. Na ce ya bari in ba shi wani abu, ya harare ni har sai da na mai da hannu aljihu.

Ranar ta goma kore ya fara tsattsafowa ko'ina. Mudir ya zo ya zaga, ya dafa kafaɗata ya ce lallai na iya aiki, bai yi kuskuren zaɓe ba. Baba na tsaye nan taku uku da mu, riƙe da manjagara, mudir ya ɗauka lebura na ɗauko. Nan ne ya kamata in buɗe baki in ce ni na kashe, wannan dattijo ya raya. Kun san me na ce? "Shukran." Ita ke nan. Na ji tsoron kada kujerar da na samu ta girgiza.

Ana gobe zai tafi na kai shi ziyarar bankwana. Da muka fito ya tsaya jikin katangar Baƙi'a, maƙabartar nan ta gefen Harami, ya riƙe ƙarfe ya daɗe yana leƙawa. Can ya ce, kamar da kansa yake magana, "Shekara ashirin da shida ina roƙon Allah ya ba ni ɗan wurin kwanciya a cikin nan. To, bai nufa ba." Ban san lokacin da na fashe da kuka ba, ƙato da ni, a gaban mutane. Na ce, "Baba, don Allah ka yafe mini, ni na jawo." Ya ce, "Na yafe, ɗana. Rabona ne ya ƙare a garin nan. Sai dai da ba ta hannunka ya ƙare ba, da na fi jin daɗi."

Bayan shekara biyu aka aiko mini ya rasu a Damagaram, can aka binne shi.

Har yau ina neman kwangila, kuma ina samu. Amma tun daga lokacin ban sake kushe aikin kowa don in shiga ba, nawa kawai nake faɗa. Kuma kafin in taka kowane wuri sai na tambaya wa ke aiki a nan, me zai same shi in na karɓa. Na gane cewa bayan kowace kwangila akwai mutum da abin da yake roƙon Allah, kuma kana iya karɓe masa shi da 'yar magana ɗaya, alhali ko ka yi kukan jini ba za ka iya mayar masa ba.