Hannun Kawu a Kwamfuta

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, shi ne mai rubuta allunan shaguna da bayan manyan motoci a Wudil. Ni dai ban taɓa ganin hannu irin nasa ba. Ba ya auna komai. Sai ya ƙura wa allo ido kamar mai taya bijimi a kasuwar shanu, sannan ya tsoma buroshi a fenti ya ja. Haruffansa a ɗan kishingiɗe suke, masu kauri a ciki, sirara a wutsiya. Tun daga kan gada in ka hango su ka san nasa ne.

Ni kuwa da kwamfuta nake cin abinci, ina tsara katin biki da ƙyallen talla a wani ɗan shago a Sabon Gari. Cike take da haruffa masu kwaikwayon rubutun hannu, su ne masu sayar da turare da yaji suka fi so. Kawu yana kiransu rubutun wanda bai taɓa gumi ba.

Da hannunsa ya fara rawa, hankalina ya tashi. Rana tana cinye allunansa, masu shaguna suna sauke su. Na ga nan gaba kaɗan ko harafinsa ɗaya ba zai saura a garin ba. Na kai masa kwali, na roƙe shi ya rubuta mini haruffa ɗaya bayan ɗaya in shigar da su kwamfuta. Mako uku yana ja mini rai, sannan ya soma, da safe kawai, kafin rawar ta tsananta.

Da na nuna masa gwajin farko, sai ya ja tsaki. "Kai ɗan nan, duk ka mai da su tagwaye. Wa ya ce maka hannu yana maimaita kansa?" Ya sake rubuta kowanne sau uku. Na ji haushi a lokacin, amma gaskiyarsa ce.

Wata Juma'a na goya shi a babur za mu Utai gaisuwa, muka tsaya sayen kankana. A saman rumfar akwai ƙyallen da na buga da haruffansa, ƙanen mai rumfar ne ya zo ya karɓa, shi kuwa mai rumfar bai san ni ba. Kawu ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaye shi wa ya rubuta.

"Baba, ai hannun tsohon nan ne mai rubuta motoci. Tun ina ƙarami nake ganin aikinsa. Ban sani ba ko yana da rai."

Kawu ya cusa hannunsa na dama a aljihu. Ya ce, "Yana nan. Yana ma aiki."