Majigi da Alewar Iya Falmata

Ana idar da sallar asuba muka bar Kano a motar majigi, ni da direba da mai kula da inji. Aikina surutu ne: fim yana tafiya, ina riƙe da lasifika ina gaya wa jama'a abin da ake ciki da Hausa. Har Wudil kwalta ce, muka tsaya bakin gada muka ci soyayyen kifi na sisi. Daga nan sai burji, direba yana yi wa kowane rami faɗa kamar sun saba. Kaka ce, ko'ina cirar gyaɗa ake yi.

A Gaya aka sauke mu kusa da gidan wata tsohuwa Babarbariya mai alewa, Iya Falmata. 'Ya'yanta sun yi nisa, yaran unguwa ne abokan hirarta. Da la'asar ƙofar gidanta cike take da su, wanda ba shi da kwabo ma sai ta gutsura masa.

Bayan isha'i muka kafa farin ƙyalle. Kafin fim ɗin takin zamani, muka sa wa yara na zane da aka aiko daga Turai: wata tsohuwa mai sanda tana ba yara kayan zaƙi, duk wanda ya ci sai ya zama tsuntsu, ta kulle shi a keji. Na shaƙe murya na yi irin ta tsohuwar fim ɗin, yara suna ƙanƙame juna.

Da safe na tarar da farantin Iya cike, ƙofar kuma fayau. Yara na tsaye daga nesa, wata tana gaya wa ƙaninta, "Kada ka karɓa, fiffike za ka yi." Manya suka yi dariya. Iya ba ta yi ba.

"Ɗana," ta ce min, "in yara suka fara ce min mayya, iyayensu ne za su ƙarasa."

Raina ya ɓaci ƙwarai, har furar hanya ta ƙi shiga.

Hanyar Ajingi yashi ne, rabinta mota ta ɗauke mu, rabinta mu muka tura ta. Mun dace da ranar kasuwa, filin ya cika. Tunda babu mai jin yaren fim ɗin, na juya labarin: kura ce ke bin yaran, tsohuwar ta mai da su tsuntsaye don su tsira, kejin kuma saboda shaho ne. Yaran Ajingi suka yi ta tafa mata. Mai inji ya harare ni, na ce hoton dai ban taɓa shi ba.

A dawowa na roƙi direba muka kwana Gaya, na sake sa fim ɗin da sabon labari. Yara suka ce ƙarya ne, sun riga sun gani.

Kafin mu tashi na leƙa wajen Iya. Yara 'yan kaɗan sun dawo, amma ba mai kai alewa baki sai ta fara gutsura sun ga ba ta tashi sama ba.

"Haƙora biyu suka rage min, ɗana," ta ce, "amma gara in tauna da in zauna ni kaɗai."

Mun iso Kano da azahar. Abin da na koya shi ne, labarin da yaro ya fara gani a ƙyalle shi yake riƙewa, kuma a kan maƙwabta yake gwada shi. Mu mun naɗe ƙyallenmu mun taho, Iya Falmata tana can tana tauna alewa.