Makullin Ɗakin Sanyi

Ni ɗan Karantina ne, wata unguwa a Jidda, can aka yanke mini cibiya, duk da yanzu in na bi ta wurin ba na gane inda ƙofar gidanmu take, sai fili fetal. Kakanninmu aikin hajji ya kawo su Jidda, ni kuma aikin kebul ya riƙe ni. A shekarun da nake magana ina aiki ne a wani wurin shaƙatawa a Abhur, can gefen Jidda, irin mai ƙananan gidaje jere a bakin teku, waɗanda masu hali ke kamawa a ƙarshen mako. Aikina shi ne kada intanet ya ɗauke. In ya ɗauke ni ne jaki, in yana tafiya daidai ba wanda ya san da zamana.

Intanet ɗin wurin yana bi ne ta wasu akwatunan ƙarfe da muke ce wa suwic, kowanne da ramuka jere inda wayoyi ke shiga. Wanda ya kafa su tun farko, Allah ya yafe masa, don ni ban yafe ba. Wani a ƙarƙashin matattakala, wani a bayan kicin daf da makwarara, wani a cikin kabad ɗin da masu gadi suka mayar ma'ajiyar ragowar shinkafa. Duk lokacin da za a canza kalmar sirri ko a gyara wani saiti, sai na bi su ɗaya bayan ɗaya da kwamfutata, in durƙusa a kan kashin ɓera, kyankyasai na fitowa gaishe ni. Akwai ranar da na zura hannu bayan wani suwic na taɓo abu mai laushi. Ƙadangare ne ya mutu ya kumbura. Ranar ko abinci ban iya ci ba.

Wuri ɗaya ne mai mutunci, ɗakin da babban suwic yake. Mukayyif ɗin ɗakin, wato na'urar sanyaya shi, ba a kashe shi, domin na'urorin ba sa son zafi. Makullinsa a hannuna yake, tunda kullum sai na shiga.

A cikin masu sharar wurin akwai wata dattijuwa, maƙwabciyarmu ce a Karantina, ta goya ni ina ƙarami. Khala nake ce mata, wato inna da Larabci. Da aka rushe unguwa ta koma wurin 'yarta can nesa, sai ya zama tana fitowa bayan asuba, ba ta komawa sai bayan magariba. Tana da ciwon sukari, kullum sai ta yi wa kanta allura kafin abincin rana, kuma maganin allurar zafi na lalata shi. Firijin ma'aikata ya daɗe da mutuwa. Ta taɓa saka maganin a firijin kicin, mudir ɗinmu, wato manajan wurin, ya gani. Ya ɗauko shi da yatsu biyu yana yatsina fuska, ya ce wannan ƙazantar ba za ta zauna kusa da abincin baƙi ba. Tun daga ranar, da safe sai ta miƙo mini 'yar jakarta in ajiye a ɗakin sanyi, da azahar in buɗe mata ta zauna a kan kwali ta yi allurarta.

"Allah ya yi maka albarka, ya waladi," haka take cewa kullum, wato ya ɗana. "Ɗakin nan ya fi asibiti."

Gajiya da durƙuso ce ta sa na koyi rubuta sikirif. Ba wani tsafi ba ne, jerin umarni ne kake rubuta wa kwamfuta, ita ta shiga kowane suwic a madadinka ta yi abin da ka ce. Na fara da ƙaramin abu, ta kwafe saitin kowanne ta ajiye. Daga nan na koya mata canza kalmar sirri gaba ɗaya, da rufe ramukan da ba a amfani da su, da tayar da wanda ya sandare. Aikin da nake wuni ina yi, sai ga shi yana ƙarewa kafin shayina ya huce. Daɗi ya kama ni, na kira mudir na nuna masa.

Ya tsaya a bayana yana kallon rubutu na gudu a allo, yana kaɗa carbi. Ya ce, "Ya'ani yanzu daga nan kujerar kake yin komai?"

Na ce ƙwarai kuwa.

"Har na babban ɗakin?"

"Har shi."

Ya miƙo hannu. "To halas, shi ke nan, kawo makullin. Ɗaki mai kayan tsada, kowa na shige da fice kamar masai."

Nan na gane garin neman ƙiba na samo rama. Na ce masa akwai abin da sai an gani da ido. Ya ce in ya taso in zo in roƙa. Da na ga ba mafita sai na faɗa masa gaskiya, maganin Khala ne ke ciki, kuma ba ta da wani wurin ajiyewa. Ya yi wata 'yar dariya ta hanci.

"Nan wurin aiki ne, ba gidan marasa lafiya ba. In ba ta iyawa ta zauna a gida." Ya dube ni sama da ƙasa. "Kai kuma, iƙamarka a hannun wa take?"

Iƙama, takardar izinin zamana a ƙasar, a hannun kamfanin take, shi ya sani, ni na sani. Na ciro makullin na ba shi, na shiga na ɗauko jakar yana tsaye a bakin ƙofa.

Khala ba ta yi ƙorafi ba. Ta ce, "Ma'alesh, ba komai, ɗana, Allah na nan." Na sayo mata filas mai faɗin baki, kullum da safe in roƙi ƙanƙara a kicin in zuba. Amma bazarar Jidda ba ta san filas ba. Ɗakin tsintsiya inda take ajiye kayanta rufin kwano ne, kafin azahar ƙanƙarar ta zama ruwan ɗumi. Tana yin allurar yadda ta saba, ashe maganin ya riga ya mutu. Sai ga ta da ƙishirwa ba ƙaƙƙautawa, tana shara tana dafa bango. Na koma wurin mudir na sake roƙo, ya ce in rufe masa ƙofa in na fita.

Wata rana da hantsi ta yanke jiki ta faɗi a gefen wurin ninkaya, a gaban baƙi. Abin da ya fi damun mudir ke nan, a gaban baƙi. Aka kai ta asibiti, kafin a sallame ta an riga an kawo wata mai shara. Na je duba ta a gidan 'yarta, na tarar ta rame, idonta ɗaya ba ya gani sosai. Ita ce ma ke tambayata ko ina cin abinci.

Sikirif ɗina kuwa ya ci gaba da aiki sumul. Na daina durƙuso, na daina ganin kyankyasai, amma kujerar nan ta fita daga raina.

Ana tsakiyar zafi, wata rana mudir ya aiko a kira ni, ya ce in same shi a ɗakin sanyi. Yana buɗe ƙofa wari ya dake ni, ƙarnin kifi da zarnin fitsari. A kan babban suwic, inda ɗumi ke fitowa, wata ƙatuwar kyanwa ce kwance, fara, mai gashi buya-buya da murtukakkiyar fuska. Ga gwangwanayen abincinta a buɗe, ga kwanon yashin da take kashi a ciki, gashinta ya toshe fankokin na'urar. Na toshe hanci da hannun riga. Shi ko a jikinsa, ya ɗauke ta yana shafawa. Wai matarsa ta yi tafiya, ita kuma kyanwar ba a barinta ita kaɗai a gida.

"Jiya mukayyif ɗin nan ya tsaya ba wanda ya sani," in ji shi. "Na zo na tarar tana haki. Abin nan naka yana iya gane zafin ɗaki?"

Na ce suwic ɗin yana auna zafi, ana iya tambayarsa.

"To yalla, maza rubuta mini wanda zai turo saƙo a wayata da zarar ɗakin ya fara ɗumi." Ya sumbaci kan kyanwar. "Haram. Rai ne fa. Ba ta jure zafi, miskina."

Na fita na ja masa ƙofa. Na koma kujerata na rubuta masa. Kafin la'asar na gama, kuma har na bar aikin nan saƙon bai taɓa makara ba.